Kira Tara

Hannuna biyu ne, Allah bai ƙara mini na uku ba.
Ɗaya na riƙe da sifana, ɗaya na cikin laka,
ina kwance ƙarƙashin tankin wani gida a Arkilla,
rana ta take, ƙarfe ya yi zafin da zai gasa gurasa,
waya na ta kuka a aljihun rigar da na rataye a ƙusa.
Modi yarona ya tafi sayo gam a Tsohuwar Kasuwa,
ni kuwa in na saki bawul, gidan mutane ya sha ruwa.

Da la'asar in duba: kira tara.
In bi su ɗai-ɗai kamar mai tsintar gero cikin rairayi.
"Ai mun samu wani."
"Ai Ɗan'ige ya zo ya gyara."
Ɗan'igen da ni na koya wa naɗa zare a bakin fayif!
Wanda famfonsa ya fashe ba ya tuna sabo,
duk wanda ya amsa, shi ne gwani, shi ne ɗan'uwa.

Luba ce, 'yata, da ta zo hutu,
ta karɓi wayar tana latse-latse bayan isha'i.
Ta ce, "Baba, na ɗaukar maka ma'aikaciya,
ba ta cin tuwo, ba ta zuwa biki,
ƙirƙirarriyar basira ce."
Na ce, "Tawa shekara ashirin da shida na yi ina haƙa ta,
ita a dare ɗaya aka ƙirƙira?"
Na dai ce a gwada. Gwaji ba ya hana komawa.

Yanzu in kira ya wuce ni, ita ke bin sawunsa.
Ta yi sallama, ta ce Malam Haliru na kan aiki,
ta tambayi unguwa, ta tambayi inda ke yoyo,
ta ce a rufe babban bawul kafin in iso.
In sauko, in goge hannu, in tarar da saƙo:
Mabera, bayan masallaci, tanki na ambaliya.
Gawon Nama, banɗaki ya toshe, baƙi na tafe gobe.
Runjin Sambo, inji na ƙara amma ba ya jan ruwa.

Ba ta rasa wauta ba.
Wani ya ce mata yana Rijiyar Ɗorowa,
ta rubuta mini rijiya ta lalace.
Na ɗauki igiya har gaba goma,
na tarar da kan famfo ne ke ɗiga a madafa.

Inno Tumba ta Minanata ta tambaye ta ɗiyar wa ce.
Ta ce, "Ni na'ura ce, Inno."
Inno ta ce, "Ko mi kike, kin fi Haliru ladabi."
Washegari ta aiko mata da fura a kwanon sha.
Modi ya shanye, ya ce zai isar da godiya.

Abin da ta raba ni da shi, mafakata ce.
Da, in Alhaji Maccido mai fayif ya kira kan bashinsa,
sai in ce, "Wallahi ban gani ba."
Yanzu ga sunansa, ga lokaci, ga adadin kuɗin,
ta jera su tsaf, ba ta iya kawar da kai irin na kowa.

Daren Talata ina Dambuwa, ruwa har gwiwa,
yayana Junaidu ya kira daga Wurno.
Ta tambaye shi ina ke yoyo.
Na ga saƙon sai ƙarfe sha ɗaya:
Wurno. Babu yoyo. Ya ce a gaishe ka,
ya ce tun sallar layya bai ji muryarka ba.

Na kife bokiti na zauna,
gam bai bushe a yatsuna ba.
Wannan kiran ni na mayar da kaina.
Ta yi ƙara sau huɗu kafin ya ɗauka,
ina jin tari, da awaki, da rediyonsa,
ya ce, "Wa ke magana? Kai ne, ko yarinyar?"
Na ce ni ne. Muka yi ta hira har katina ya ƙare,
ba wanda ya ambaci ruwa.